Tsohon jirgin sama ba inji: ka siyar, ka yanka, ko ka tada shi?

Jirgi ne ɗan ƙarami mai kujera biyu ko huɗu, irin waɗanda aka ƙera daga shekarun 1930 zuwa 1950, yana ajiye a rumfa shekara da shekaru, an kwance fukafukai an jingine da bango, gaba kuma wayam ba inji sai bututu da wayoyi suna reto. Ko dai gadonshi kaci, ko ka siya da araha da niyyar wata rana, ko wani ya bar maka a bakin bashi. Yanzu kuɗin hayar rumfa na cinka duk wata kuma dole ka yanke shawara: ka siyar dashi yadda yake, ka yanka shi ka siyar da kayan ɗaiɗai, ko ka ɗaura ɗamara ka tada shi ya koma sama.

Bari na faɗi nawa tun yanzu. Mafi yawan mutane abunda yafi musu shine su siyar dashi ɗungurungum ga wanda yake da inji da hannun aiki. Tadawa ta wanda wannan jirgin yake so ya tuƙa ce, ba ta mai neman riba ba. Yankawa kuma sai in jirgin ya riga ya mutu da gaske, dan wallahi raina yana ɓaci in naga an sa zarto a lafiyayyen bodi wanda ya tsallake shekara 80 saboda kawai ba inji a gabanshi.

Amma kafin ka san layin da kake ciki, fara tambayar kanka ina injin ya tafi. Ba ƙaramar tambaya bace. In cire shi akayi aka sa a wani jirgin, ko aka kai garambawul kuɗi suka yanke aka siyar, toh bodin ba ruwanshi, mai yiwuwa lafiyarshi ƙalau. In kuwa jirgin kifawa yayi da hanci farfela ta daki ƙasa inji ya tashi daga aiki, toh ka sa a ranka mazaunin inji da bangon wuta da ke bayanshi (farantin da ya raba inji da wajen zaman direba) da ƙafafu duk sun sha wannan dukan, kuma wani lanƙwasan ido baya gani sai an auna. Sannan ka duba me ya tafi tare da injin. Mutane suna cewa ai inji ne kawai babu, sai an zo haɗawa a tarar babu mazaunin inji, babu murfin gaba, babu salansa, babu kafireta, babu magneto mai ba fulogi wuta, babu farfela, babu 'yan farantan nan da suke juya iska ta sanyaya silinda. Kowanne daga cikinsu nema ne mai zaman kanshi, kuma murfin gaba na wani jirgin yafi injin kanshi wahalar samu.

Daga nan sai takardu, kuma a harkar jirgi takarda rabin jirgin ce. Akwai ɗan farantin ƙarfe da kamfani ya manna mai ɗauke da sunan maƙeri da samfuri da lamba, in babu shi a idon hukuma tarin ƙarafa gareka. Akwai littafin tarihin bodi, inda ake rubuta awannin tashi da duk gyaran da aka taɓa yi da sa hannun bakaniken da yayi. Littafin inji shi ya bi inji ya tafi, wannan ba damuwa, amma in na bodi ya ɓace darajar jirgin ta faɗi sosai, saboda duk wani umarnin gyara na dole da hukuma ta taɓa fitarwa akan wannan samfurin sai an sake tabbatar da anyi shi daga farko. Tunda galibin irin waɗannan jirage 'yan Amurka ne, in jirgin yana da rajista a can hukumar FAA mai kula da jiragen sama tana ajiye fayil ɗinshi a ofishinta na Oklahoma City, kana iya neman kwafi da ɗan kuɗi kaɗan, a ciki zakaga duk wanda ya taɓa mallakarshi da takardun manyan gyare gyare da ake cikawa a fom 337, harda bashin banki da ba'a sauke ba in akwai. Dan Allah ka duba wannan na bashin, dan ana samun jirgin da wani banki yake da haƙƙi akanshi tun shekarun baya kuma ba wanda ya tuna, sai ranar ciniki abun ya fito. In kuma gado ne ka tabbata sunan ya dawo kanka a takarda kafin kayi tallan komai.

Sai jikin. Anan kar ka yarda da idonka, ka biya bakanike mai lasin wanda ya san wannan samfurin ya ɓata yini akai, wannan kuɗin ko wace hanya ka bi bazai zama asara ba. Irinsu Piper J-3 Cub da Aeronca Champ da Taylorcraft bututun ƙarfe ne aka yi musu walda aka lulluɓe da yadi, kuma inda suke mutuwa sananne ne, bututun ƙasa na wajen wutsiya, saboda jirgin a tsaye wutsiyarshi ce ƙasa duk raɓa da ruwa can suke gangarawa su zauna, tsatsa taci daga ciki waje yana sheƙi. Sandunan da suka tokare fiffike suma haka, na Piper har umarnin dole aka fitar akansu saboda tsatsar ciki, shiyasa ake canza su da masu toshe baki. Champ ƙashin fiffikenshi katako ne, ana duba tsagewa da ruɓewa da inda ƙusoshi suka saki. Luscombe da Cessna 140 jikinsu alminiyam ne, nasu ciwon farin gari ne da yake fitowa a haɗin faranti, wani lokacin ƙarfen ya kumbura ya dinga ɓarewa falle falle. Kuma in ɓera yayi gida cikin fiffike ka duba wajen da kyau, fitsarinshi yana cin alminiyam. Yadi kam in ya daɗe ka ɗauka kawai sabo za'a sa, musamman in tsohon na auduga ne.

Toh yanzu tadawa, inda zuciya take karkata kuma inda aljihu yake kuka.

Komai ya rataya akan wane inji jirgin yake ci. Baka da ikon sa duk injin da ka ga dama, kowane samfuri yana da takardar amincewa da ta lissafa injinan da aka yarda dasu, in zaka sa wani daban sai da ƙarin izini da ake kira STC, wanda siyanshi akeyi daga mai shi kuma yakan zo da canjin mazauni da murfi da farfela da sake auna nauyin jirgi. Cub, wanda aka ƙera kusan 20,000 daga 1938 zuwa 1947, galibi injin Continental A-65 yake ci mai ƙarfin doki 65, haka Champ da Taylorcraft da Luscombe 8A. An daina ƙera wannan injin tuntuni amma anyi shi da yawa sosai, dan haka ana samu, matsalar itace samun mai lafiyayyen karanshaf, dan da yawa an gurje su har sun kai ƙarshen awo. Injin C-85 na Cessna 120 da 140 shima haka, har akwai izinin sa mishi karanshaf na injin O-200 saboda ƙarancin nashi. Ko a cikin C-85 ɗin akwai mai wajen sitata da janareto akwai marar shi, in ka siyo wanda bai dace da jirginka ba ka jawo wa kanka wani aikin. In jirginka irin Tri-Pacer ne mai cin Lycoming O-320, kai kam ka huta, har yau ana ƙera shi kuma kowane bakanike ya sanshi, sai dai kowa nemanshi yake shiyasa baya araha.

Inda ake shan wuya shine irinsu Stinson 108 mai injin Franklin mai silinda 6. Kamfanin Franklin ya durƙushe an siyar da haƙƙin injin zuwa Poland a 1975, kayan gyara sai an tona, masu iya garambawul ɗinshi kuma ƙidayayyu ne. Ana iya juya shi zuwa Lycoming da izini amma kuɗin juyin kaɗai yana iya kamo kuɗin wani Stinson ɗin da yake tashi yau. Tiger Moth na Ingila Gipsy Major yake ci, silinda huɗu a jere kai ƙasa, ƙwararrunshi sunfi yawa a Ingila da Ostareliya da New Zealand. Stearman kuma injin zagaye ne, Continental R-670 mai doki 220 ko Lycoming R-680, akwai shagunan da aikinsu kenan amma kuɗin wani mataki ne daban.

Kuma ka kula da injin araha. Za'a ce maka awa kaɗan yayi tun garambawul, amma yaushe akayi garambawul ɗin? Kamfani yana ba A-65 awa 1,800 ko shekara 12 kafin wani garambawul, duk wanda ya riga zuwa. Injin da ya kwana shekara 20 a ƙasan benci ba mai ba juyi, cikin silindarshi tsatsa ce, na Lycoming kuma kamshaf ɗin a sama yake mai ya tsiyaye ya barshi a bushe. Inji marar littafi kuwa ka siye shi a farashin gawa kawai, dan sai an farke shi an auna komai kafin wani ya sa hannu.

Yanzu ɗauki biro. Nemo farashin irin jirginka guda uku ko huɗu da suke tashi yanzu haka, masu kyau, a shafukan tallan jirage irinsu Barnstormers ko Trade-A-Plane. Wannan shine rufin, duk abunda ka kashe sama dashi bazai dawo ba. Sai ka jera inji, duk kayan gaba, farfela, sabon yadi da sinadaranshi irin na Poly-Fiber ko Ceconite ko Stewart, walda, gilasai, tayu da birki, wayoyin sarrafawa, tankin mai, agogunan gaban direba, ladan bakanike, hayar rumfa na duk shekarun aikin. A ƙananan jirage na gama gari kusan kullum jimlar tana haura rufin nan in biyan wani zakayi yayi aikin, wani sa'in ma inji da yadi kaɗai sun cinye shi. Masu harkar duk sun san siyan mai tashi yafi tada matacce sauƙi. Abunda yake gyara lissafin shine hannunka. A dokar Amurka an yarda mai jirgi yayi aikin da kanshi muddin bakanike mai lasin yana sa ido kuma shi zai sa hannu, manyan gyare gyare da binciken shekara kuma sai mai ƙarin izinin dubawa. Dan haka ka samo wannan mutumin tukuna ku zauna ku fahimci juna kafin ka kwance noti ɗaya, ba'a fafe gora ranar tafiya, kuma ba bakaniken kirki da zai sa sunanshi akan fiffiken da aka riga aka rufe da yadi bai ga ciki ba.

Lokaci shima ka lissafa shi da gaskiya. Ace aikin zai ci awa 1,500 kai kuma awa 10 kake samu a sati, sati 150 kenan, kusan shekara uku ba fashi ba ciwo ba jiran kaya. Ga aure ga yara ga aikin ofis. Jirage da yawa da ake tallansu a kwance yau wani ne ya fara da zafi ya cire yadi ya kwance komai ya zuba a kwalaye, sannan rayuwa ta shiga tsakani, kuma jirgin da aka farke aka bari rabi yafi wanda ba'a taɓa ba faɗuwar daraja saboda ƙananan kaya sun ɓace kuma ba wanda ya san me aka yi me ba'a yi ba. Wannan shine mafi munin sakamako a cikin duka, ya fi siyarwa da asara muni.

Wata dabara da mutane suke kawowa, wai a maida shi rukunin jiragen gwaji na ƙirar gida sai a sa duk injin da aka samu. A Amurka hakan baya yiwuwa da sauƙi, rukunin na wanda ya ƙera fiye da rabin jirgin da hannunshi ne, gyaran jirgin kamfani baya shiga lissafin. Kanada suna da rukunin da mai jirgi yake kula da abunshi da kanshi amma jirgin da ya shiga ciki baya tsallakawa Amurka kuma fitowa daga rukunin wuya gareta. Ingila suna da izinin tashi ta hannun LAA, ƙungiyar masu ƙananan jirage, ga wasu tsofaffin samfura. Ka san dokar ƙasar da jirgin yake da rajista kafin ka gina buri akanta.

Duk da haka ni bazan hana kowa tadawa ba in dalilin ya kai. In jirgin mahaifinka ne kuma kana da lasin tuƙi ko kana kan hanya, in samfuri ne da saura ƙalilan a duniya, in yana da tarihin yaƙi a rubuce kamar L-4, wato Cub ɗin soja na yaƙin duniya na biyu, ko kuma kai mutum ne da aikin hannun kanshi shine jin daɗinka, toh bismillah, kuɗin da ya haura rufi kuɗin abunda kake so ne kuma ba laifi bane. Cub da Champ sunfi kowa sauƙi anan saboda kamfanoni irinsu Univair suna ƙera sabbin kayansu da yawa, ga ƙungiyoyin masu irin jirgin da suke da zane da littattafai da dattawan da suka yi aikin sau da dama. Wanda ya taɓa ganin layin tsofaffin jirage a taron Oshkosh da akeyi duk ƙarshen Yuli a Wisconsin ya san abunda hannun mutum ɗaya mai haƙuri yake iya fitarwa.

Yankawa fa? A takarda ita tafi kawo kuɗi, fukafukai daban, wutsiya daban, ƙafafu, sanduna, kujeru, agoguna, tanki, in ka tara sai kaga ya wuce abunda za'a baka a dunƙule. Amma ka tuna abu mafi tsada a jirgin da ake yankawa shine inji da farfela, naka kuwa babu su, kenan tsokar an riga an cire. Abunda yake faruwa shine a watannin farko masu nema zasu kwashe kaya masu kyau, murfi, ƙafafu, lafiyayyen fiffike, sai a barka da bodi tsirara da tarkacen da zasu shekara ba mai tambaya kuma har yanzu kana biyan haya. Kowane abu sai ka wanke, ka ɗauki hoto, ka nemo lambarshi a littafin kaya, ka amsa tambayoyi, ka naɗe ka aika. Fiffike ya haura mita huɗu, sai an ƙera mishi akwatin katako, kuɗin mota kaɗai yana korar mai siye in yana nesa. Tsofaffin agogunan zamanin yaƙi wasu an shafa wa lambobinsu sinadarin radiyam dan suyi haske da dare, kar ka buɗe su kuma ba'a aika su haka kawai. Sannan akwai amana, kayan nan wani zai ɗaura a jirgi ya ɗauki ɗanshi su hau sama, in ka san sanda tana da tsatsa a ciki ka faɗa ko ka lalata ta yadda ba mai sake amfani da ita, kuma ka rubuta a rasit cewa yadda aka cire aka siyar, sai bakanike ya duba kafin a sa.

Inda yankawa take da ma'ana shine jirgin da takardunshi suka ɓace kuma tsatsa ta cinye bodin ko hatsari ya murɗe shi, amma fukafukai da wutsiya suna da rai. Wannan in ka yanka shi ka taimaki jirage uku ko huɗu sun ci gaba da tashi, ba abun kunya a ciki. Kayi hakan da tsari, ka soke rajista a wajen hukuma, kuma farantin lambar nan kar ka yarda wani ya siya dan ya manna a wani jirgin daban, doka ta hana. In kuma samfurin mai wuyar samu ne, ka fara kiran ƙungiyar masu irinshi ko gidan adana kayan tarihi, su basu damu da inji ba tunda ajiyewa zasuyi a kalla, kuma bodin da kake gani kwandam wani a wajenshi shine ma'aunin da zai ƙera sabo dashi.

Siyarwa a dunƙule ita ce mafi ƙarancin kuɗi a hannu, kuma ita ce mafi saurin sauke maka nauyi. Rana ɗaya tirela ta zo ta ɗauka haya ta tsaya. Kuma ga abunda mutane basa lura dashi, rashin injin da yake babbar matsala a wajenka, a wajen wani ba komai bane. Akwai bakaniken da yake da A-65 a ajiye yana neman bodi, akwai wanda iska ta kifar da jirginshi a fili inji ya tsira jiki ya lalace, akwai mai son sa inji mafi ƙarfi dama can da ya siya da inji cirewa zaiyi. Su waɗannan lissafin tadawa yana fita a wajensu ko da baya fita a wajenka, dan haka zasu iya biyanka fiye da yadda kake zato. Kar kace bari na siyo inji na ɗaura dan farashi ya tashi, da wuya ka maida kuɗin injin, kuma mai siye yafi son ya zaɓi nashi.

In ka tsaya akan siyarwa, wahalar sati biyu tana ƙara maka kuɗi sosai. Ka fito da komai ka shimfiɗa a ƙasa, ka bi littafin kaya shafi shafi ka rubuta abunda yake nan da abunda babu, ka ɗauki hoton kowane shafi na littafin tarihi da farantin lamba da bututun wajen wutsiya da cikin fiffike ta ramukan dubawa, ka haɗa da rahoton bakaniken da ka biya da fayil ɗin hukuma. Kar ka shafa fenti akan tsatsa, masu siyan irin wannan kaya suna ganin sabon fenti suke rage tayi. Ka fara kai tallan wajen ƙungiyar masu samfurin kafin kasuwar kowa da kowa, kuma in wani yazo yana son fiffike ɗaya ko ƙafafu kawai kace a'a har sai ka ba dunƙulen watanni, dan ranar da ka cire abu ɗaya mai muhimmanci ka riga ka shiga yankawa ko baka shirya ba. Kafin mai siye ya zo, jirgin ya zauna a inuwa a busasshen waje, fukafukai a ɗage daga siminti akan majanyi mai laushi, a ɗan ɗaga wutsiya kar ruwa ya taru, a toshe duk ramin da ɓera zai shiga, littattafan kuma ka kai su gida ka kulle, kar su kwana cikin jirgin.